Uwar mijina ta ce ni rabin mace ce

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina aure a Rikkos, nan Jos. Shekara biyar da suka wuce, wani dare ciwon mara ya turnuƙe ni har da amai, aka kwashe ni zuwa asibiti. Suka ce wani ƙullutu ne ya fito mini a gidan ƙwai na dama har ya murɗe shi, aka yi mini aiki aka cire. Ban ɓoye wa mijina ba, ya sani tun kafin a sa rana. Yanzu watanmu 15 da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata tana zuwa duk kwana 33 ko 34, ba ta saɓawa. Shi kuma yana kai dankali da kabeji kudu, sai ya yi sati biyu ko uku ba ya gari. Ƙawata ta ce rana ta 14 ake ɗaukar ciki, shi ya sa nake matsa masa ya dawo wajen rana ta 12, ya yi kwana uku ko huɗu ya koma. Kwanan nan maganar aikin ta kai kunnen Hajiyarsa. Ta ce an ba ɗanta rabin mace, wai wata ɗaya ina da ƙwai wata ɗaya babu, kuma tunda na dama aka cire, ko na haihu sai 'ya'ya mata. Har ta fara zancen a nemo masa wata. Wata mai kemis ta ce in sayi Clomid in sha. Anti, don Allah da gaske ba zan haihu ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da wannan fama. Sau biyu na karanta saƙonki. A na biyun sai da na jawo biro na yi lissafi a bayan wata tsohuwar ambulan, domin akwai abin da kika faɗa a tsakiya kika wuce shi kamar ba komai ba, alhali a wajena ya fi maganar Hajiya nauyi. Za mu zo kansa. Amma tunda kalmar nan ta rabin mace ce ke hana ki barci, bari mu fara sauke ta.

Kin taɓa gyara tsohuwar kaza mai ƙwai? A garin nan namu da ake kiwon kaji tun daga Bukuru har hanyar Zariya, da wuya a sami matar da ba ta taɓa ba. In kika tsaga cikin kika fitar da kayan ciki, can jikin ƙashin baya za ki ga wani curi na ƙwayaye rawaya a manne da juna, wasu kamar gero, wasu kamar gyaɗa, ɗaya ko biyu sun kusa cika gwaiduwa. Wannan curin shi ne gidan ƙwan kaza. Wata rana ki duba ki nemo na biyunsa. Ba za ki samu ba. Na hagu kaɗai ke aiki a jikin kaza, na daman yana shanyewa tun tana cikin ɓawo, kuma da wannan ɗayan take zuba miki ƙwai kusan kullum har ki rasa kiret. Ban ce mace kaza ce ba, kada Hajiya ta ji ta ce na ƙara zagi a kan zagi. So nake ki ga da idonki cewa a halittar Ubangiji yawan gida daban, aikin gida daban.

Ita 'ya mace da biyu ake haihuwarta, ɗaya a kowane gefe na mahaifa, can ƙasan mara. Likitoci obari suke ce masa. Girmansa bai wuce na dabino matsakaici ba, santimita 3 zuwa 4. Kusa da kowanne akwai bututu siriri mai tsawon kamar santimita 10, bakinsa da 'yan yatsu kamar gezar mayafi, shi ke cafe ƙwai ya gangara da shi mahaifa. Abin da yake ba ni mamaki har yau, bayan shekarun da na yi a ɗakin haihuwa, shi ne mace ba ta ƙera sabon ƙwai. Duk wanda za ta yi amfani da shi a rayuwa da shi ta zo duniya. Tana wata biyar a cikin mahaifiyarta tana ɗauke da wajen miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta saura miliyan 1 zuwa 2. Lokacin da ta fara al'ada saura kamar 300,000 zuwa 400,000. A cikin wannan tarin duka, waɗanda za su nuna su fito daga farkon al'ada zuwa ɗaukewarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran narkewa suke yi a hankali, ko da aure ko babu, ko da ciki ko babu. To ki raba wancan adadin biyu ki gani. Mai shekara 27 da gida ɗaya tana da dubbai a ajiye, kuma guda ɗaya ake nema a wata.

Yanzu maganar wata ɗaya akwai, wata ɗaya babu. Na san inda ta samo asali. Mutane suna ɗauka gidajen biyu kwana suke rabawa kamar kishiyoyi, wannan watan na dama, wata mai zuwa na hagu, saboda haka in aka cire ɗaya sai ranar girkinta ta zama fanko. Ba haka abin yake ba ko ga mai biyu. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake, ita ce uwar ɗakin wannan aiki. Da al'ada ta fara sai ta sako wani sinadari cikin jini, wanda a takardar gwaji za ki ga an rubuta FSH. Sinadarin nan kira ne, kuma ba ya tambayar dama ko hagu. Duk inda ya tarar da ƙwayaye sai wasu 'yan tsiraru su amsa su fara girma, kowanne a cikin 'yar jakarsa ta ruwa. Cikin kwanaki ɗaya zai tsere wa sauran, jakarsa ta kai kamar santimita 2, ragowar su saduda. Sai uwar ɗaki ta sako sinadari na biyu, LH, da yawa a lokaci guda, bayan kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi jakar ta fashe ƙwan ya fito. Mai gida biyu, na dama zai iya cin wannan tsere wata uku a jere. Mai gida ɗaya kuwa, kiran duka wuri ɗaya yake zuwa, kuma wurin yana amsawa duk wata. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar dai ɗaya yana ɗaukarta.

Shaidar ma tana cikin saƙonki. Gidan ƙwai ba rumbu ba ne kawai, shi ne kuma yake sarrafa sinadaran da suka sa mace ta zama mace. Jakar nan mai girma tana fitar da istirojin, wanda ya fito miki da ƙirji lokacin balaga, yake riƙe ƙarfin ƙashi, yake kawo danshin gaba, yake kuma shimfiɗa sabon rufi a cikin mahaifa kowane wata. Bayan ƙwai ya fita, ɓawon jakar da ya rage sai ya koma rawaya ya shiga fitar da furojestaron, wanda ke riƙe wannan shimfiɗa kamar sati biyu yana jiran baƙo. In ciki ya shiga, shi zai ci gaba da riƙonsa har wajen sati 10 kafin mabiyiya ta karɓi aikin. In bai shiga ba sai ya shanye, shimfiɗar ta zubo, ita ce jinin da kike gani. Ke kin ce naki yana zuwa duk kwana 33 ko 34 ba ya saɓawa, shekara biyar bayan aiki. Al'adar da ke tsakanin kwana 21 zuwa 35 kuma take kiyaye lokacinta, mafi yawanci alama ce ta cewa ƙwai yana fita. Wa kike tsammani yake wannan aikin duk tsawon shekarun nan? Na hagun nan ne da ake rainawa.

Abin da rashin ɗaya yake jawowa, don kada in ɓoye miki, shi ne al'ada takan ɗauke da ɗan wuri, kamar shekara ɗaya zuwa biyu kafin lokacin da da za ta ɗauke. Wannan zancen wajen shekara 50 ne. Sannan in aka yi miki gwajin jini na yawan ƙwan da ya rage, wanda ake kira AMH, mai yiwuwa ki ga lambar ta ɗan yi ƙasa. Kada ki ɗora hannu a ka. Yawa yake aunawa, ba ya faɗin ko za ki ɗauki ciki a ɗakinki. Abin da ya fi tasiri a kan ingancin ƙwai shi ne shekaru, musamman bayan 35, ke kuwa da sauranki.

Batun dama na maza hagu na mata kuwa, ba Hajiya ta fara ba. Likitocin Girka na dauri, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, haka suka yi ta koyarwa. Ba su da laifi sosai, ƙwan mace bai fi ɗigon bakin biro ba, kuma sai a 1827 wani masani mai suna Karl Ernst von Baer ya fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa, a jikin karya. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne kowane ƙwan mace, na dama ne ko na hagu, alama iri ɗaya yake ɗauke da ita, wadda ake kira X. Ƙwayoyin maniyyin namiji ne suka kasu biyu, masu X da masu Y. In mai Y ya riga isa, namiji. In mai X ne, mace. Wato in ma za a tuhumi wani kan jinsin jariri, ba ɓangarenki za a duba ba. Gaskiyar kuma babu wanda za a tuhuma. Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura sun riga sun raba gardama: Shi ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wanda Ya so.

To ga lissafin bayan ambulan. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, rabin karatun ta kawo miki. Rana ta 14 ta mai al'adar kwana 28 ce. Ƙa'idar ita ce ƙwai yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. Daga baya ake ƙirgowa. Zangon farko, na girman ƙwai, shi ke tsawo ko gajarta daga mace zuwa mace. Zango na biyu kusan tsayayye ne. Ki cire 14 daga 33 ko 34, ya ba ki 19 ko 20. Ranar da jini ya fara zuba sosai ita ce rana ta 1. Kenan naki ƙwan wajen rana ta 19 ko 20 yake fita.

Maigida kuma yana shigowa rana ta 12, ya yi kwana uku ko huɗu. Rana ta 15 ko 16 yana Farin Gada ana lodi, kafin ƙwai ya fito shi ya daɗe da tsallake Lokoja. Ƙwai in ya fito awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa. Maniyyi yana iya jira a jikin mace har kwana biyar, amma wannan iyakarsa ce, kuma sai ya sami ruwan da ya dace. Yawanci kwana biyu ko uku ne. Kwanakin da suka fi albarka su ne biyun da ke zuwa kafin fitar ƙwai da ita ranar kanta. Ke da shi kun yi ta saɓani a bakin ƙofa, yana fita baƙon yana shigowa. Kin ce watanku 15 da aure. In aka ƙirga watannin da kuka haɗu a kwanakin da suka dace, ban yi tsammanin za su cika yatsun hannu ɗaya ba. Alƙaluman da likitoci ke aiki da su sun nuna fiye da 80 cikin 100 na ma'aurata suna samun ciki a shekarar farko, rabin waɗanda suka rage kuma a ta biyu, amma wannan ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya ne duk bayan kwana biyu ko uku, ba ga wanda rabin rayuwarsa ke kan tirela ba.

Don haka ki sauya masa jadawali. Ya kasance a gida daga rana ta 16 zuwa ta 21, ku kusanci juna kullum ko bayan kwana ɗaya, ba sai an mai da shi aikin gayya ba. Na san kasuwar gwari ba ta jira, kabeji in ya kwana biyu a rana ya zama asara. Amma yana da abokan lodi, kuma kwana biyar ko shida ne a wata. Jikinki ma zai ba ki labari in kika saurara. Kwanaki kaɗan kafin ƙwai ya fita za ki ga wani ruwa garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, in kika sa shi tsakanin yatsu biyu kika buɗe sai ya miƙe bai tsinke ba. Mata da yawa suna ganinsa su ɗauka sanyi ne su ruga kemis. Ba cuta ba ce, hanya ce ake share wa maniyyi. Wasu kuma sukan ji ɗan tsunkuli a gefen mara, ke a hagu za ki ji shi. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari na fitar ƙwai a manyan kemis, ki fara gwadawa daga rana ta 15; ranar da layi na biyu ya yi duhu kamar na farko, gobe ko jibi ƙwai zai fita.

Kada ki ɗauka na ce matsalar lissafi ce kawai ki koma ki zauna. Wadda aka taɓa buɗe wa ciki ba ta jiran shekara biyu kafin ta ga likita, kuma kun riga kun haura wata 12 da ake ƙirgawa. Abin da ya fi damuna da aikin da aka yi miki shi ne abin da ya bari a baya. Wani lokaci bayan tiyata kayan ciki sukan manne da juna da wasu zaruruwa kamar yanar gizo-gizo, su janye bututu daga inda ya kamata ya tsaya ko su toshe bakinsa. Gidan ƙwai yana iya sakin ƙwai lafiya lau duk wata, in bututu a toshe yake aikin banza ne. Saboda haka ki koma asibitin da aka yi aikin ki nemi bayanin abin da aka rubuta: gidan ƙwan kaɗai aka cire ko har da bututun dama, ya suka ga na hagun, kuma mene sakamakon gwajin ƙullutun. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Akwai wani irin ƙullutu da ya fi yawan murɗewa ga 'yan mata, wanda in aka tsaga shi akan tarar da maiƙo da gashi, wani lokaci har haƙori. Ba aikin aljanu ba ne ko sammu, ko da yake na ga dangin da suka watse da salati da aka nuna musu. Irinsa a wajen mace ɗaya cikin goma yakan fito a ɗaya gefen ma, don haka a riƙa leƙa na hagun da sikanin.

Na taɓa karɓar haihuwar wata baiwar Allah da ta zo daga wajen Mangu. An cire mata gidan ƙwai na gefe ɗaya saboda ƙullutu, daga baya kuma aka cire bututun ɗaya gefen saboda ciki ya zauna a cikinsa. Abin da ya rage mata gida a hagu, bututu a dama. Kowa ya cire rai, har ita. Ina riƙe da kan jaririn tana ta tambayata wai ta ina ya bi. Bututu ba a kafe yake kamar famfo ba, yana lilo a bayan mahaifa, yana iya kamo ƙwan da ya fito daga ɗaya gefen. Ba kowa ke dacewa haka ba, amma yana faruwa, na gani.

Ku je sashen mata na babban asibiti, ko na koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko na ƙwararru na jiha, ko Jankwano. Abin da za a yi miki ba shi da yawa a farko. Sikanin na mara. Gwajin jini na furojestaron don a tabbatar ƙwai ya fita, kuma a nan ki buɗe baki ki yi magana: an saba cewa a zo rana ta 21, amma wannan ma lissafin mai kwana 28 ne. Kwana bakwai kafin al'ada mai zuwa ake ɗibarsa, ke naki rana ta 26 ko 27. In aka ɗiba a ta 21 zai fito ƙasa, a ce ba kya sakin ƙwai alhali kina yi. Sai hoton bututu, wanda ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce. Ana yinsa bayan kin yi tsarki, kafin lokacin ƙwai. Yana da murɗa kamar ciwon mara mai ƙarfi na 'yan mintuna, gara ki sani tun yanzu.

Na ce ku je, ban ce ki je ba. A duk ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, a kusan rabinsu akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, yawan ƙwayoyin maniyyinsa da lafiyarsu daban, ido ba ya gani. Hangum bayan balaga, ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, sigari, ƙwayoyin da wasu matafiya ke sha don kada su gaji, duk suna taɓawa. Ban ce mijinki yana da ko ɗaya ba. Gwajinsa dai shi ne mafi sauƙi da araha a cikin duka: ya ƙaurace kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a kwalba, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Ko ya fito da rauni ba a yanke hukunci sai an maimaita bayan kamar wata uku, don kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kenan yana ƙera sababbi. Ba adalci ba ne a tura miki ruwa a mahaifa kina cije leɓe alhali shi ba a duba kwalbarsa ba. Tabon da ke mararki ya sa kowa ya ga inda zai nuna da yatsa, shi ke nan sai aka daina dube-dube.

Clomid kuwa, ki bar wa mai kemis kayanta. Magani ne na gaske, amma na wadda ƙwanta ba ya fita ne, aikinsa ya sa ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfin kiran nan da na gaya miki. Ke da alama naki yana fita. In kika sha shi ba likita ba sikanin, yana iya kumbura gidan ƙwai ya tara jakunkunan ruwa, kuma gidan da ya kumbura ya yi nauyi shi ne ke murɗewa. Kin san wannan daren, kin ɗanɗana. Mai biyu tana iya caca da ɗaya, ke ba ki da na canji. Haka duk wani haɗi na matsi ko tsumi da za a ce yana buɗe bakin mahaifa: babu abin da ake cusawa ta gaba ya isa gidan ƙwai, sai dai ya jawo ƙwayar cuta ta hau ta lalata bututun da muke lallaɓawa. Abin da zan ce ki fara sha tun yau shi ne folik asid, 'yar ƙwayar nan rawaya da ake bayarwa wajen awo, guda ɗaya kullum, don tana kare jariri daga tawayar laka tun kafin ki san ya shiga. In akwai shisha ko sigari a kusa da ke ki nisance su, hayaƙin taba yana saurin ƙarar da ƙwai.

Abu biyu kuma ki riƙe, ki gaya wa maigida ma ya riƙe. In ciwo mai tsanani ya soke ki farat ɗaya a hagun mara, da tashin zuciya ko amai, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibitin da ke da ɗakin tiyata, ki ce musu gidan ƙwai ɗaya gare ki. In murɗewa ya yi kuma aka isa da wuri, warware shi ake yi a bar shi a wurinsa. Na biyu, ranar da Allah Ya sa kika ga ɓatan wata gwaji ya nuna ciki, ki je a yi sikanin wajen sati shida a tabbatar a cikin mahaifa ya zauna. Ciwon gefe ɗaya da ɗigon jini da jiri a farkon ciki ba abin jira gari ya waye ba ne.

Saura Hajiya. Ba zan ce ki je ki karanta mata wannan a tsakar gida ba, surukuwa ba ta cin gardama da uwar miji ko da littafi a hannunta. Ita jika take so, kuma abin da ta ji tun tana yarinya take maimaitawa. Wanda zai yi mata magana ɗanta ne. Shi ya san da aikin ya ce ya ji ya gani, bai kamata ya yi shiru yanzu ya bar ki kina amsa tambayar da shi ya riga ya amsa ba. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba ranar da ya sauka daga mota ba, ki ce masa abu biyu kike roƙo: ya raka ki asibiti a duba ku tare, kuma ya gaya wa Hajiya da bakinsa cewa kuna ganin likita, a ba ku lokaci. In akwai wata gwaggo ko yayarsa da Hajiya ke jin maganarta, musamman wadda ta taɓa aikin asibiti, a bi ta nan. Ke kuma gaisuwa da ɗan abin hannu kada ki fasa, ko da zuciyarki tana tafasa. Ƙarin aure ba ni zan hana ko in sa ba, ke ma ba ki da wannan ikon. Amma namijin da zai ƙaro mata don neman haihuwa bai auna kansa ba, yana iya tara mata biyu suna kallon juna.

Ban yi miki alkawarin ciki wata mai zuwa ba, wannan ba a hannuna yake ba. Abin da na iya gani daga nan shi ne babu wani abu a cikin saƙonki da ya nuna ƙofa a rufe take. Ki sami kalanda ta bango ko ɗan littafi, ranar da jini ya fara ki rubuta 1, ki yi wa 16 zuwa 21 da'ira, ki tura wa maigida hoton ta WhatsApp tun yana hanya don ya tsara lodinsa. Ranar zuwa asibiti ki tafi da kwanakin al'adarki na wata uku ko fiye da duk wata takarda da ta rage daga wancan aikin, ko katin sallama ne. In kun karɓo sakamakon hoton bututun da na kwalbarsa, ki sake rubuto mini mu duba tare.